Ku Tambayi Goggo: Wuƙar layyar maigida ta yi tsatsa

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo, ina gajiya, ya aiki? Dan Allah taimako nake nema. Maigidana yana da wata wuƙa ta maƙera da ya gada gun babansa, da ita yake yanka ragon layya duk shekara, to bara bayan sallah ni na wanke ta na mayar cikin kubenta na saka ƙasan akwati, jiya ina kwashe kaya na zaro ta wallahi ta yi jajir da tsatsa har gindin mariƙi, shi ko bai sani ba tukuna. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa ta a ruwan jabel ta kwana. In yi? Daga wata uwargida a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Jabel ɗin nan ki bar shi inda yake. Na wanki ne da bayan gida, ƙarfe kam cinsa yake yi, ko cokalin inoks, farin ƙarfen nan da bai cika tsatsa ba, kika bari ya kwana ciki za ki ga ya yi ɗige-ɗige balle wuƙar maƙera. Kuma ko da wasa kar ki haɗa shi da binegar ko lemun tsami, iskar da ke tashi guba ce, shaƙe mutum take.

Tsatsa tsami ke narkar da ita, tsamin kuwa yana nan a madafinki. Ki jiƙa tsamiyar kunu da kauri sosai, ki yanke kan gorar ruwa ta roba ki zuba, ki tsayar da wuƙar ciki ƙarfen kaɗai ya nutse mariƙin na waje, don itace in ya sha ruwa kumbura yake daga baya ya tsage. Bayan awa 2 ki duba. In akwai farin binegar ya fi tsamiya sauri, amma shi sai da ido a kai, kar ki bar ta ta kwana ciki don in ya gama da tsatsar, kan kaifin zai koma. Da ɗan tabo ne kawai da rabin lemun tsami da gishiri sun isa, naki ya wuce nan.

Sai gugar. Ki kwantar da ita kan katako kaifin na kallon gaba ba wajenki ba, ki ɗebi tokar murhu mai laushi da sosan ƙarfe ki bi ta daga mariƙi zuwa tsini. Iyayenmu da toka da yashin bakin Binuwai suke yi, ni dai yashin ban cika so ba, yana barin zane. In da saura ki sake jiƙawa ki sake gogewa, sau biyu sau uku ba komai.

Waɗancan bidiyoyin na Facebook da ake zuba bikarbonat cikin binegar yana kumfa ana ta mamaki, kumfar nan fa kashe juna suke yi, ƙarshe kusan ruwan gishiri ya rage. Bikarbonat ko ruwan kanwa a ƙarshe ake sa su, ki ɗauraye da su su kashe tsamin da ya maƙale.

Wajen busarwa ne mutane ke yin sake. Ƙarfen da aka cire wa tsatsa in kika bar shi da lema kafin ki sauke tukunya ya fara ja kuma, saboda haka ki tsane ta nan take, ki ɗan shanya ta a rana, ranar Garwa ai ba ta wasa, sannan ki shafa mata man kaɗe kaɗan. Man gyaɗa ma ya yi sai dai in ta daɗe a ajiye yana danƙo. Baƙin man mashin kuwa sam, wuƙar nama ce.

Ban ga laifin wankinki ba, kuben ne ya ja miki. Fata tana shan raɓar damina ta riƙe, ga bagaruwar da majema ke jima da ita, ita ma ba ta shiri da ƙarfe, ko kuben dukawan Marwa ne mai kyan gani haka zai yi. Maƙera kuma sau da yawa da tsohon sifirin mota suke ƙira, shi ya sa take kaifi kamar aska amma ba ta jure lema irin inoks. In za ki ajiye, ki naɗe ta da tsumma mai ɗan maiƙo, kuben a gefe, tsakiyar damina ki ciro ki duba.

Za ki ga ta yi duhu-duhu bayan tsamin, wannan ba tsatsa ba ce, ki ƙyale. Ramukan da tsatsa ta ci kam ba sa cikowa, in sun taɓa kaifin sai an kai wa masu wasa wuƙa a kasuwa. Maigida kuwa ni da ni ce faɗa masa zan yi, wuƙar babansa ce, kallo ɗaya zai mata ya gane an taɓa ta, gara ya ji daga bakinki tun sallah da saura.