Na yi wa bokitin mahaifiyata fenti ya ɓare, ya zan yi masa zanen jiragen ruwan Ingila?

Tambaya: Salam Malam, daga Kaduna nake. Inada tsohon bokitin ƙarfe na marigayiya mahaifiyata, gindinsa ya fara tsatsa amma baya yoyo. Ƙanina dake karatu a Ingila ya turomin hoton wasu siraran jiragen ruwa da tulunansu masu zanen furanni da gidan sarauta, ya burgeni sosai. Na siyo fentin mai na shafa, ko wata biyu ba'ayi ba ya fara ɓarewa kamar leda. Meye matsalar, kuma ya ake furannin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta. Kin kyauta da baki jefar da bokitin nan ba.

Bari mu fara da ɓarewar, don idan ba'a gyara wannan ba duk furen da kika zana asara ne. Irin bokitan nan an tsoma su ne a ruwan zink, irin wanda ke jikin kwanon rufi, shi ke hana su tsatsa. To fentin mai da zink basa shiri ko kaɗan, man dake cikin fentin yana haɗuwa da zink ɗin ya zama wani abu kamar sabulu a ƙarƙashi, sai kiga ya kumbura ya salube. Ba hannunki bane, kuma ba lallai fentin jabu bane.

Ki kankare wanda kika shafa tas. Idan akwai tsohon fenti na da can a jiki, ki jiƙa samfefa da ruwa kafin ki goga saboda wasu tsofaffin fenti akwai dalma a ciki, ƙurarsa guba ce musamman ga yara. Kuma don Allah kar ki bari wani yace a ɗora a wuta fentin ya ƙone, hayaƙin zink yana sa zazzaɓi. Wajen tsatsar ki bi shi da burushin ƙarfe har sai kinga farin ƙarfe, ki wanke bokitin duka da omo da ruwan ɗumi, ki goge da binega fara, ki ɗauraye, ki shanya a rana ya bushe ƙayau har cikin lungun gindin inda ruwa ke maƙalewa. Inda tsatsa ta cinye zink ɗin ki ɗiga jan fentin nan da masu walda ke shafawa ƙofa da taga. Sauran jikin kuma ki nemi fentin shafin farko wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na ƙarfe mai zink ne, masu saida fentin mota sunfi samunsa. Bayan shi sai fentin mai shafi biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakaninsu. Kore mai duhu, ko baƙi, ko ja mai duhu, su ne asalin launin, sai layin ruwan ɗorawa da ja a baki da gindi. Lokacin hunturu a ɗaki zaki shanya, ƙura tana lalata aiki.

Shi zanen sunansa Roses and Castles, wato furen wardi da fadoji, kuma in kin san masu shi zaki fi gane yadda ake yinsa. Hanyoyin ruwan da jiragen nan ke bi a Ingila haƙa su akayi don dakon kwal da kaya, ta Bridgewater an buɗe ta a 1761. Jiragen faɗinsu kusan ƙafa 7 ne kawai, tsawo wajen ƙafa 70, a da doki ke jansu daga bakin ruwa. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako sai matuƙa da yawa suka kwaso mata da yara suka koma cikin jirgin da zama, a wani ɗan ɗaki da bai kai ƙafa 10 ba, nan girki nan kwana. Mutanen gari suna musu kallon ƙazamai marasa ilimi, su kuwa sai suka ƙawata ɗan wurin nan da tagulla mai ƙyalli da farantai a bango da zane ko ina, kamar dai yadda iyayenmu ke ji da jeren kwanonin ɗakin amarya. A 1858 wani ɗan jarida John Hollingshead ya bi irin jirgin nan ya rubuta a mujallar Household Words ta marubuci Charles Dickens cewa ya ga tulun ruwa da aka zana masa shimfiɗar ƙasa da furanni da sunan mai shi. Tulun da kika gani a hoto Buckby ake ce masa, daga wani shago a kusa da garin Long Buckby inda matuƙa ke siya, a saman jirgi ake ajiye shi gaban bututun hayaƙi kowa na gani.

Abinda nake so ki riƙe shine masu wannan zanen ma'aikatan gyaran jirgi ne, jirgi na jira kaya na jira, babu lokacin tsayawa lallaɓa fure ɗaya. Frank Nurser, mai zanen jirgi na garin Braunston, wanda har yau salonsa aka fi kwaikwayo, furensa bugun burushi ne 'yan kaɗan masu sauri. Akwai Bill Hodgson na yankin Stoke da furanninsa suka fi kama da na gaske, suna da kyau amma ni bana ba mai koyo shawarar farawa da su.

Ki fara da alli ki fitar da wurin furanni uku ko biyar a dunƙule. Ganye ake fara yi, kore mai haske, ɗan duhu a gindinsa. Sai ki zana da'ira kamar girman murfin kwalba ko fiye: ruwan goro don fure mai ruwan ɗorawa, ruwan hoda don fari, ja mai duhu sosai don jan fure. Tun fentin na ɗanye ki sa ɗan launi mafi duhu a saman da'irar, nan ne zuciyar furen. Ki barshi ya bushe, kar kiyi gaggawa a nan. Sannan kunnuwan furen, kowanne bugu ɗaya ne mai siffar waƙafi, ki danna burushi ki ja ki ɗaga yayi wutsiya, ƙanana biyu ko uku kewaye da zuciyar, babba ɗaya ya rungumo tsakiya, sauran su buɗe ta ƙasa. Idan bugu bai yi ba ki goge da tsumma mai ɗan kananzir ki sake, amma kar ki koma kansa kina gyarawa, da kin maimaita ya mutu. Ƙarshe ɗigon ɗorawa a zuciya, jijiyar ganye, da ƙananan fararen furanni a cike gurbi. Burushi mai laushi mai tsini zaki nema, kuma ki cika kwali guda da waƙafi kafin ki taɓa bokitin, wallahi wannan atisayen shine sirrin.

Fadar tafi sauƙi fiye da yadda ake zato, daga nesa ake tahowa: sama, duwatsu, tafki, sai hasumiyoyi masu jan rufi, gada, hanya da bishiyoyi a gaba. A bokiti ɗaya ta isa, ɗaya gefen ki rubuta sunan Mama tunda masu jiragen ma haka suke yi.

Ki bashi kamar sati ya bushe sosai kafin ki shafa banish shafi biyu. Cikinsa kuma kar ki sa fenti in dai za'a zuba ruwan sha, ni da zaki bi tawa ma ki daina ɗiban ruwa da shi, ki saka tukunyar fulawa ta roba a ciki ki ajiye a inuwa.