Amsa kan sayen babbar blanda mai tsada

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko ki zuba kuɗi ki sayi babbar blanda irin Vitamix, ko ki ci gaba da ƙaramar da kike da ita.

Ki fara duba wutar gidanku. Manyan nan suna jan wat sama da 1,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke su ba. In kuma daga Amurka za a kawo miki, ki tabbatar irin ta wutarmu ce, don can bolt 120 suke amfani da shi, mu kuwa 230. Wata ƙawata ta jona tata kai tsaye, nan take ta ƙone, har yau abin yana min ciwo.

Sai abin da kike markaɗawa. In tumatir da tattasai da attaruhu ne na miya, ƙaramar ta ishe ki. Amma in kina yin kunun aya kullum, ko waken ƙosai da alala na sayarwa, a nan za ki ga bambanci. Aya tauri gare ta ko ta kwana a jiƙe. Ni ƙananan blanda biyu ta kashe min, injin ya ɗau zafi, sai ƙauri. Babbar kuwa niƙe ta take yi lukwi, wake ma ya yi laushi kamar an kai inji, ba sai kin aiki yaro ya bi layin markaɗe da sassafe ba.

Ki tambayi mai shagon ko ana samun kofinta da wuƙarta a kasuwa in sun lalace. In babu, ki haƙura da ita.