Ina wanka sau uku a rana amma warin jiki ya ƙi barina

Tambaya: Likita, shekaruna 27. Ina wanka, ina shafa turare, amma kafin azahar hammatata ta fara tashi, har abokan aiki na ja da baya. Ko wata cuta ce?

Amsa: 'Yar'uwa, gumi shi kaɗai ba ya wari. A hammata da matsematsi akwai wasu ƙofofin gumi da ke fara aiki lokacin balaga, suna fitar da ruwa mai maiƙo. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cinsa, warin kuma daga nan yake fitowa. Turare bisa wannan, gaskiya, ƙara dagula shi yake yi.

Ki duba hammatar da rana. Idan gashin na da wani abu rawaya manne kamar gari wanda sabulu ba ya cire shi, ko fatar ta yi tabo ja-ja mai duhu, bakteriya ne suka yi yawa. A aske gashin, a riƙa wanke wurin da benzoyl peroxide, maganin kashe bakteriyan fata, na kashi 5 cikin ɗari, a bar shi minti 2 kafin a ɗauraye. Yana kashe launin tufafi, sai a kula. Likita kan ƙara da man clindamycin, shi ma mai kashe bakteriya. In gumin ne ya wuce kima, aluminium chloride, maganin rage gumi, ake shafawa da dare a busasshiyar fata. Masu shafa shi da safe kan jiƙaƙƙiyar hammata raɗaɗi kawai suke samu, kuma kada a sa shi ranar aski.

Irin warin ma yana magana. Zarni na iya nuna ciwon ƙoda ko yoyon fitsari. Ƙarni daga gaba galibi sauyin ƙwayoyin bakteriyan farji ne, metronidazole na maganinsa bayan an duba. Ƙarni a gumi, fitsari da numfashi duka, musamman bayan cin ƙwai, wake, hanta ko kifin teku, yana iya zama trimethylaminuria, larurar gado da ba ta da yawa. Gumin dare da tari da rama kuwa, a yi gwajin tarin fuka.

Numfashi mai ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, tare da ƙishirwa, amai da yawan fitsari, ciwon sukari ne ya rikice. Asibiti a take.

In wata guda ya wuce babu sauƙi, ki nemi gwajin sukari, ƙoda, hanta da na maƙoƙo.