Tambayi Likita: Yana zaune a gabana amma waya ta tafi da shi

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan satin kusan duk kan abu ɗaya suka taru, waya da gem, wato wasan waya ko kwamfuta, da yadda suke ɗauke mutum alhali jikinsa na nan zaune, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata matar aure: Likita, maigidana in ya dawo aiki sai ya hau danne-danne, ina magana yana "uhm uhm" ko ɗagowa ba ya yi, har yara sun daina kawo masa surutunsu. Ƙanwata ta ce wai ciwo ne har suna gare shi. Da gaske ne?

Amsa: 'Yar'uwa suna kam akwai, amma ba likitoci suka raɗa shi ba. Kalmar ita ce phubbing, a Ostireliya aka ƙirƙire ta a 2012, wani kamfanin talla ne ya tara masana harshe suka haɗa kalmar waya da ta share mutum a Turanci don tallata ƙamus ɗin Macquarie. A ƙasar Sin kuma suna kiran irin mutanen nan ƙabilar masu sunkuyar da kai, a Jamus a 2015 aka zaɓi smombie a matsayin kalmar matasa ta shekara, wato mai tafiya kamar gawa ido na kan waya. Duk laƙabi ne, babu wanda ake rubutawa a katin asibiti. Dan Allah kar ki je ki ce masa likita ya ce kana da ciwo, rigima kawai za ta tashi. Ki samu lokacin da wayar ba ta hannunsa ki gaya masa abin da kika gaya min, musamman maganar yaran nan, don wallahi ita ta fi taɓa ni, yaro in ya zo sau uku sau huɗu bai samu ido ba sai ya koyi daina zuwa kuma ba zai faɗa ba. Ku yi yarjejeniya ƙarama wadda za ta yiwu, rabin awar farko in ya shigo da lokacin cin abinci babu waya, ke ma har da ke, caji kuma a wajen ɗakin kwana. Sannan ki lura ko akwai abin da yake gudu, bashi ko damuwar wajen aiki, maza da yawa a cikin waya suke ɓuya in abu ya yi musu nauyi.

Tambaya daga wata uwa: Ɗana shekararsa 17, kusan wata goma kenan gem ɗin intanet ya cinye shi. Kwana yake a kai, rana ya yi barci, wanka sai na yi faɗa, abinci sai an kai masa ƙofa, makaranta ma ya daina zuwa. Babansa ya fasa wayar, ya samo wata. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, wannan tambayar taki ta bambanta da ta sama kuma ina so ki ɗauke ta da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin kundin cututtuka na ICD-11, an amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Kuma ba yawan awanni suke ƙirgawa ba, abu uku ake dubawa: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, gem ɗin ya hau gaban komai na rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ake yi masa. Yawanci ana so a ga haka na tsawon wata 12, amma in abin ya yi tsanani ba a jira ya cika. Akwai yaran da ke buga gem sosai kuma karatunsu da barcinsu da abokansu na nan lafiya lau, waɗannan ba su ne abin tsoro ba. Naki ya rasa makaranta da wanka da barcin dare, to abin da aka rasa ɗin nan shi ne ma'aunin.

A Japan akwai kalmar hikikomori, likitan ƙwaƙwalwa Saito Tamaki ne ya yayata ta a 1998, ga mutumin da ya kulle kansa a gida wata shida ko fiye ba makaranta ba aiki ba hulɗa. Na kawo ta ne don abin da na sha gani da idona, sau da yawa ba gem ɗin ne ya fara fitar da yaro daga duniya ba, wani abu ne ya kore shi sai gem ya karɓe shi. Ciwon damuwa, tsoron shiga mutane, cin zalin da ake masa a makaranta bai faɗa ba, faɗuwa jarrabawa, ko matsalar rashin iya tattara hankali tun yarinta. A cikin gem ɗin an san shi, ana jiransa, yana cin nasara, a waje kuma faɗa kawai yake sha, to ina kike so ya zaɓa. Shi ya sa fasa waya ba ya aiki, an rushe masa mafaka ba a taɓa abin da ya koro shi ba. Ko ƙasar Sin da ta kafa doka a 2021 cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku kawai za su yi gem ɗin intanet a sati, yara sun riƙa shiga da sunan manya.

Ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, ba don ya haukace ba, a'a, su ne ke da aikin. In ya ƙi zuwa ke da babansa ku fara zuwa. A gida ki shiga ɗakin ki zauna ki tambaye shi wane gem ne, da su wa yake yi, ki saurara ba wa'azi. A fara da gyaran barci, a ja lokacin kashe intanet baya kaɗan-kaɗan da saninsa, a dawo da cin abinci tare. Amma in kika ji yana cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, ko ya daina cin abinci, ranar za ku tafi asibiti, kar a bari sai gobe.

Tambaya daga wani matashi: Ina zama kan kwamfuta awa 12 zuwa 14, jiya na ga ƙaurina na hagu ya kumbura yana zafi. Gajiya ce?

Amsa: Ɗan'uwa ajiye wayar ka tafi asibiti yau. Kumburin ƙafa ɗaya da zafi bayan dogon zama yana iya zama gudan jini a jijiyar da ke can cikin ƙafar, in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. Likitoci a New Zealand sun raɗa masa suna eThrombosis a 2003, bayan wani mutum da ke daɗewa kan kwamfuta ya kusa rasa ransa. Kar ka matsa wajen, kar a yi maka tausa, za a yi hoton jijiyar a gani. In numfashi ya fara yi maka wuya ko ƙirji na ciwo, sashen gaggawa kai tsaye. Bayan an duba ka, ka riƙa tashi kana takawa duk awa kana shan ruwa.

Tambaya daga wata ɗaliba: Tun da na saba da gajerun bidiyo ba na iya karanta shafi ɗaya. Na ga ana cewa brain rot, ƙwaƙwalwata ta ruɓe kenan?

Amsa: Ba ta ruɓe ba ƙanwata, kwantar da hankalinki. Kalmar ce masu ƙamus ɗin Oxford suka zaɓa ta shekarar 2024, ma'anarta ruɓewar ƙwaƙwalwa, amma zance ne na mutane ba sakamakon gwaji ba. Abin da ya faru sabo ne, manhajar an gina ta ba ƙarshe kuma ba ki san me zai fito a gaba ba, irin ƙugiyar da ke riƙe ɗan caca, sai hankali ya saba da canji duk bayan daƙiƙa kaɗan. Sabo kuma ana sake shi. Ki kai wayar wani ɗaki, ba kifewa a gefenki ba, ki yi karatun minti 10 ki huta, kullum ki ɗan ƙara, kwanakin farko za ki ji ƙaiƙayin ɗauko ta, zai ragu. Ki duba barcinki ma, in ba kya samun awa 7 zuwa 8 shi kaɗai ya isa ya hana ki riƙe karatu. In kin yi wata guda a haka ba sauyi, ko kin tuna tun kina ƙarama kike fama da wannan, ki ga likita a duba ki sosai.