Oga, me jami'a za ta koya mini a tsara kiɗa?

Tambayar daga wani yaron situdiyo ce a Tudun Wadan Gombe. Ya ce: "Oga, shekara uku ke nan ina buga fiyano ina haɗa bit a manhajar kwamfuta ta FL Studio, kuma da ji ɗaya nake kama waƙa. Ina so in cika JAMB in karanta kiɗa, ɓangaren tsarawa. Me za a koya mini wanda ban sani ba, kuma da me zan fara shiri?"

Yarona, abin da za a koya maka shi ne ka sa kiɗa a takarda yadda makaɗin da bai taɓa ganinka ba zai ɗauka ya buga daidai da abin da ke kanka. Yanzu kiɗanka yana cikin yatsunka da kwamfuta. Ranar da aka ce ka tsara wa mutum ashirin masu rerawa da masu busa huɗu, babu madannin da zai cece ka, sai rubutu.

Maganar shiga ba ta da tsawo. Kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, sannan JAMB. Digirin shekara 4 ne, mai NCE ko difloma ta kiɗa kan shiga kai tsaye ya yi 3. Sashen kiɗa mafi daɗewa a ƙasar nan shi ne na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, akwai kuma na Ile-Ife da na Awka, sai na Jos wanda ya fi kusa da mu. Ka buɗe ƙasidar JAMB ta shekarar da kanka ka ga darussan da kowace jami'a ke nema, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka. Sassa da yawa suna gwada ɗalibi kafin su ɗauka: ka buga, ka rera, a buga sauti a ce ka maimaita. Takardar jarrabawar kiɗa ta ƙungiyar MUSON ta Legas ko ta hukumar ABRSM ta Birtaniya, mai mataki 1 zuwa 8, tana ƙara maka nauyi, kuma ko ba ka zauna jarrabawar ba, manhajarsu har mataki na 5 ita ce ma'aunin da za ka auna shirinka da shi.

Tun yau ka daina taɓa madannin sauya kii, wato matakin sautin da waƙa ke zaune a kansa, a jikin fiyano. Yawancin yaranmu kii ɗaya suka iya, in muryar mawaƙi ba ta kai ba sai su danna inji ya ɗaga musu. Fiyanon sashen kiɗa na katako ne, madannai 88, ba shi da wannan dabarar. Kii 12 ne, ka ɗauki ɗaya duk mako, hawa da sauka da hannu biyu, tare da kod ukun da ke riƙe da shi, wato nota uku-uku da ake bugawa tare: do-mi-so, fa-la-do, so-ti-re. Wata uku ka zagaye su. Ka haɗa da minti 20 kullum na horon kunne: wani ya buga nota biyu kana juya baya, ka faɗi tazarar da ke tsakaninsu, ka rubuta a kan layuka biyar ɗin nan na rubutun kiɗa. Kama waƙa da ji ɗaya baiwa ce, amma a aji za a buga gajeren rauji sau uku ko huɗu a ce ka miƙa shi a rubuce, kuma nan ne masu kunnen kirki suke faɗuwa, don sun ji amma ba su san sunan abin da suka ji ba.

Darasin da zai fi cin lokacinka a shekara biyun farko shi ne jera murya huɗu: sofrano da alto na mata, teno da bas na maza. Ana ba ka rauji a sama ka cike ukun da ke ƙasa. Dokokinsa tsauri gare su. Murya biyu da ke da tazarar biyar (do zuwa so) ko takwas (do zuwa do na sama) kada su taka tare su sake faɗawa kan wannan tazarar, domin kunne zai ji su kamar murya ɗaya, huɗunka sun koma uku. Ti yana son hawa zuwa do, kada ka ninka shi a murya biyu, in ka ninka dole su hau tare, ka faɗa laifin farko. Kada ka bar tazarar da ta wuce takwas tsakanin sofrano da alto, tsakiyar kiɗan zai yi rami. Hannunka na hagu ya saba ɗaukar kod gaba ɗaya ya dire shi a wani wuri, wato daidai abin da aka hana, don haka jan biro zai yi yawa a takardarka da farko. Dokokin sun fito ne daga kiɗan cocin Turai na zamanin Bach, wanda ya rasu a 1750. Ba wahayi ba ne. Amfaninsu su koya maka jin kowace murya a matsayin mutum mai tafiyarsa.

Inda nake so ka buɗe kunne sosai shi ne ranar da za ka ɗora wannan ilimi a kan waƙar Hausa, domin littattafan ajin ba don harshenmu aka rubuta su ba.

Na farko nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa ko mai sauƙi ce, baƙi da gajeren wasali, ko mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko ta rufe da baƙi. Mai nauyi tana cin lokacin masu sauƙi biyu, kuma a kan wannan karin waƙarmu ya ginu. Ɗauki gari na mutane da gari na tuwo: a rubutu ɗaya suke, a baki na biyun ga ɗinsa dogo ne. In ka ba ga na garin mutane doguwar nota, ka sa mawaƙi yana yabon garin tuwo. Saboda haka kafin ka taɓa fiyano, ka rubuta baitin, ka sa alama a kan kowace gaɓa, gajere ko dogo, ka tafa shi da hannu kana faɗa. Tafin da ya fito shi ne ƙashin raujinka. Yaran da ke fara yin bit sannan su cusa kalmomi su ne kake jin waƙarsu kamar baƙo na koyon Hausa.

Na biyu karin sauti. Wuya na jiki sama yake farawa ya sauka, wuya ta wahala ƙasa take farawa ta hau. Kuka na hawaye a sama yake duka, kuka ta miya sauka take. A nan Hausa tana da sassauci fiye da batun nauyi, mawaƙanmu sukan bi rauji su bar ma'anar jimla ta warware kalmar. Amma kalmar da amshi ya rataya a kanta, wadda za a maimaita sau goma, ka bar raujin ya bi hawanta da saukarta. A murya huɗu matsalar ta fi fitowa: doka na son bas ya sauka lokacin da sofrano ke hawa, alhali kalmar ɗaya suke faɗa. Mafita biyu ce. Ko ka bar kalmomin ga murya ɗaya sauran su riƙe dogon wasali a ƙasa, ko ka koma tsarin gida na jagora da 'yan amshi, su shigo bi da bi.

Na uku tsanin sauti. Raujinmu da yawa a kan nota biyar yake tafiya, do re mi so la, babu fa babu ti. Baƙaƙen madannan fiyano kaɗai za su ba ka shi. Da zarar ka ɗora so-ti-re a ƙarƙashinsa yadda aka koya maka, ti ɗin nan zai ja waƙar ta koma kamar ta littafin waƙoƙin coci. In ba haka kake nufi ba, cire ti ka sa do a gurbinsa, ko ka bar so da re kawai, ko ka riƙe nota ɗaya a bas tsawon ɗango kamar yadda gurmi ke yi. Malami zai tambaye ka dalili, ka tanadi amsa. Ba kai ne farau ba: Fela Sowande da Akin Euba sun yi karatun Turai har ƙarshensa, suka dawo suna gina kiɗa a kan raujin Yarbawa da gangunansu, kuma za ka karanta aikinsu a aji.

Sai bugu. Kiɗan kalangu da yawa kashi uku-uku yake raba bugu, abin da za ka rubuta 6/8 ko 12/8, alhali allon FL Studio da kashi huɗu yake buɗewa. Mayar da shi kashi uku kafin ka fara. In ka ɗauki makaɗi na gaskiya, kada ka sa inji ya daidaita masa bugun ɗari bisa ɗari, ɗan jinkirin nan da gaggawar su ne daɗin. Kuma layuka biyar ba su da gurbin lanƙwasar sautin da matse tsarkiyar kalangu ke bayarwa, sai ka ja layi tsakanin nota biyu ka yi bayani a shafin farko.

Kayan busa suna da tarkonsu. Ƙahon tirampet na B-flat yana fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta, don haka in waƙar tana kii F, takardarsa a G za ka rubuta. Alto saks na E-flat kuwa a D. Ka manta wannan, ranar gwaji kowa ya busa daidai kuma abin ya fito kamar rikicin kasuwa. Goge da algaita ba a saita su da A 440, sautin da ake saita fiyano da shi, ba, saboda haka ka fara ɗaukar mai gogen, sannan ka nemo kii ɗin da ya fi kusa da shi. Kakaki nota biyu ne kusan duk abin da zai ba ka, kada ka rubuta masa rauji. Numfashi ma lissafi ne: a gudun bugu 90 cikin minti, gida huɗu na 4/4, kowane gida bugu huɗu, kusan daƙiƙa 11 ne, ka bar wa mai rerawa wurin shaƙa kusa da nan. Mai algaita kuwa yana shaƙa ta hanci yana busa da iskar kumatu ba tare da yankewa ba.

Sauran darussan, tarihin kiɗan Turai da na Afirka, rera waƙa cikin ƙungiya, kayan kiɗan da ka zaɓa ya zama naka, za ka bi su kamar kowa. A shekarar ƙarshe za ka miƙa aikinka a rubuce da bayanin yadda ka gina shi. Haɗa sauti da tace murya irin na situdiyo kuwa kada ka sa rai da yawa, wannan a nan za ka ci gaba da koyonsa lokacin hutu.

Aikin wannan makon: sauke MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, kyauta ne. Ɗauki baiti ɗaya naka, sa alamar nauyin gaɓoɓinsa, ka yi masa rauji na gida takwas, huɗun farko su tsaya a kan so kamar tambaya, huɗun ƙarshe su sauka a kan do. Rubuta da fensir tukuna, kada ka bari kwamfuta ta buga maka sai ka rera shi da bakinka. Sannan ka juya shi zuwa do-re-mi ka kai wa shugaban mawaƙan wata coci, a nan cikin gari ko Kaltungo ko Billiri, yawancinsu da shi suke koyar da waƙa kuma da Hausa suke rerawa. Ka roƙe shi ya rera ba tare da ka fara rera masa ba. Duk inda ya kauce daga abin da ke kanka, ka sa alama a wurin, ka kawo mini takardar ranar Asabar.