Filin Tambaya da Amsa: Wace Na'urar CPAP Ce Ba Ta Hana Barci?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana gwajin barci, aka ce numfashinsa yana ɗaukewa sau 34 a cikin awa ɗaya, likita ya rubuta masa na'urar CPAP. Ni kuma ba ni da nauyin barci, motsi kaɗan ke tashina. Wace iri za mu saya wadda ba ta da ƙara? Daga wata uwargida, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Duk abin da ya haura sau 30 a awa ana lissafa shi cikin mai tsanani, don haka kada neman mai shiru ya sa ku ja lokaci. Aikin na'urar shi ne ta hura iska ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke fuskarsa, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe kada ya rufta idan barci ya yi nisa.

Ana auna ƙara da desibel. Yawancin na'urorin zamani suna tsakanin 25 zuwa 30, wato daidai da raɗa ko ƙasa da ita. AirSense 10 ta kamfanin ResMed tana wajen 26 zuwa 27, AirSense 11 tana 27, 'yar ƙaramarsu ta tafiye-tafiye, AirMini, tana kusan 30. Minsharin da kike kwana da shi yanzu kuwa yakan kai 50 ko 60. Kunne ba ya bambance 26 da 27, sai tazara ta kai wajen 10 sannan ake jin ƙara ta ninka. Saboda haka kada mai shago ya ƙara muku kuɗi a kan desibel ɗaya.

Lambar da ke jikin kwali ma tana da sharaɗi. Ana auna ta ne daga nisan mita ɗaya, a kan matsin iska na 10, babu inda iska ke zurarewa. Matsin waɗannan na'urori yana tashi daga 4 zuwa 20. Idan na maigida 15 ne, injin zai fi yin aiki, ƙararsa ta ɗan ɗaga. Shi ya sa muka fi son mai sarrafa kanta, wadda ake kira APAP, in likita ya amince: tana zama a ƙasa mafi yawan dare, sai numfashi ya fara toshewa ta ƙara ƙarfi. Ƙananan na tafiya kuma ba mu ba da shawarar su zama na kullum. Ba su da wurin da zai shanye ƙara a ciki, sautin yana bin mesa ya zo har kunne.

Amma abin da zai tashe ki a zahiri takunkumin ne. Kowane takunkumi yana da ƙananan huji da aka yi da gangan don iskar da mutum ya fitar ta fice. A tsofaffin samfura iskar tana fita da ƙarfi ta wuri ɗaya, tana huci, in ya juyo gefenki ta riƙa dukan fuskarki. Sababbi suna da wani ɗan raga a bakin hujin mai warwatsa iskar. AirFit P10, alal misali, ƙararsa wajen desibel 21 ce. Ku tambayi mai ragar. Kuma ko da wasa kada a toshe hujin da salatif ko tsumma don neman shiru, domin mutum zai koma shaƙar gurɓatacciyar iskar da ya fitar.

Takunkumi iri uku ne: mai 'yan robobi biyu da ke zama a ƙofar hanci, mai rufe hanci gaba ɗaya, da mai rufe hanci da baki. Na ƙarshen ya fi faɗi, don haka ya fi samun wurin yoyo. In maigida mai gemu ne, da wuya robar ta kama fatar haɓa, sai a ji fito duk dare. Irin na ƙofar hanci ya fi dacewa da shi, sai dai in da baki yake numfashi. A nan ko dai a haɗa masa da maɗaurin haɓa, ko a haƙura da babban.

Ranar saye ku tafi tare. A kunna na'urar a kan matsin da likita ya rubuta, ba a kan 4 da take farawa da shi ba. Ya kwanta, ya juya dama da hagu da takunkumin a fuska, ke kuma ki tsaya kamar taku ɗaya ki saurara. Ƙarar da take daidai wa daida kunne yakan saba da ita cikin 'yan kwanaki. Wadda take hawa da sauka tare da numfashi ita ce mai damu. Sannan ku tambaya ko ana samun filta mai tace ƙura da mesa da robar takunkumi na wannan samfur a garinku. Mu dai a ganinmu wannan tambayar ta fi ta desibel muhimmanci.

A gida, a ajiye ta ƙasa da tsayin katifa kaɗan, a gefensa, kan abu mai ƙwari. Durowar katako mara komai a ciki tana ƙara amon injin, a shimfiɗa 'yar tabarmar roba a ƙarƙashi. Ta zauna a wajen gidan sauro, mesar kaɗai ta shiga, kada labule ko bargo ya rufe inda take jan iska.

Tambaya: Wani ɗan'uwana a Amurka zai aiko min da na'urar CPAP samfurin DreamStation da ya daina amfani da ita. Ya ce shiru gare ta sosai. In karɓa? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Malam, ka dakata tukuna. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa da aka ƙera daga 2009 zuwa Afrilun 2021, ciki har da DreamStation ta farko da System One. Dalilin kuwa shi ne sosan da aka sa a ciki don rage ƙara. Yana rududdugewa, ɓarɓashinsa baƙi ya biyo iska zuwa hancin mai amfani, kuma zafi da laima suna hanzarta lalacewarsa. Ka ga a yanayinmu abin ya fi muni. Ka sa ɗan'uwan naka ya duba lambar da ke ƙarƙashin na'urar ya tabbatar ko tana cikin waɗanda aka janye, in tana ciki ko an sauya ta. DreamStation 2 ba ta cikin wancan janyewar. Kada kuma ka bari mai gyara ya buɗe ta ya ƙwaƙule sosan.

Duk wata ta hannu, ka shiga saitinta ka ga awoyin da injin ya yi. Wanda ya doshi awa 20,000 ya tsufa, zai fara kuka siriri, kuma wannan ba ya gyaruwa da wanki. Takunkumi da mesa da tankin ruwan da ke sa wa iskar laima sababbi za ka saya. Matsin da ke kai na ɗan'uwanka ne, sai likitanka ya saita naka.

Tambaya: Tawa tana lafiya lau, amma da shigowar hunturu ta fara fito da gurnani. Ta lalace ne? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

Amsa: Da wuya. Ka bi ta daki-daki. Cire mesar daga takunkumi, ka toshe bakinta da tafin hannu na 'yan daƙiƙoƙi na'urar tana kunne. In ƙarar ta ɗauke, matsalar tana takunkumi. In ba ta ɗauke ba, tana tsakanin mesa da tanki da filta.

Fara da filta, wani ɗan farin ƙyalle a baya ko gefen na'urar. Ƙurar hunturu tana toshe shi, injin ya riƙa ja da ƙyar. Ka duba shi duk mako, da ya yi ja ko toka-toka ka sauya, kada ka jira watannin da littafin ya ce. Farin ba a wanke shi, mai kama da soso ne ake wankewa a shanya. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro ma yana maƙalewa a ciki, a bar ɗaki ya sha iska kafin a kunna. Daga nan ka zare tankin ruwa ka mayar har ka ji ya kama, don in bai zauna daidai ba yana fito. Ka bi mesar da yatsu ka ji ko akwai huda, musamman kusa da bakunanta.

In takunkumi ne, yawanci mai ne. Basilin da man da ake laftawa a fuska da sanyi suna sa robar santsi, suna kuma lalata ta. Ka wanke fuska kafin kwanciya, ka wanke robar kowace safiya da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, ka shanya a inuwa. Mutane da sun ji yoyo sai su ƙara ɗaure igiya. Yin haka yana danne robar ta kasa kumbura, yoyon ya ƙaru. Ka ɗaga takunkumin daga fuska iska tana hurawa, ka mayar a hankali. Na'urorin ResMed suna nuna yawan yoyo da safe, ana so ya kasance ƙasa da lita 24 a minti. Robar kanta wata ɗaya zuwa uku take yi kafin ta saki.

Tambaya: Ina jin ƙulu-ƙulu a cikin mesa da asuba. Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Malama, tururi ne ya huce ya koma ruwa saboda sanyin ɗaki. Ki rage zafin tankin da mataki ɗaya ko biyu, ki sa mesar a ƙarƙashin bargo, na'urar ta kasance ƙasa da kanki don ruwan ya gangara baya. In bai daina ba, akwai mesa mai ɗumama kanta. Kada ruwa ya wuce layin da ke jikin tankin.

Tambaya: In an ɗauke wuta na koma kan inbata sai in ji tana zuuu. Mene ne dalili? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, daga inbatar ne. Masu arha ba sa fitar da wuta sumul irin ta layin gwamnati, shi ke sa cajar na'urar yin wannan kukan, yana kuma iya lalata abin da ke ɗumama ruwa. Ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, ko ka sayi wayar da kamfanin ya yi don haɗa na'urar kai tsaye da batir, wadda ta fi tattalin caji. Ɗumama ruwa ya fi injin cin wuta, in ka kashe shi batirin zai fi kai ka asuba. Da bazara kuma ka lura, AirSense 10 an yi ta ne ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, saboda haka kada ka kulle ta cikin durowa don rage ƙara.