Amsa daga zangon Kumasi, Ghana

Malam, ka tambaye ni me ya haɗa yaran zango da littattafan cinikin bayi, har suke kiran kansu baƙar fata, sai ka ce sun manta su Hausawa ne. Ka ce wannan zancen 'yan Amurka ne. A'a, a cikin gidanmu yake.

Kakanninmu fataken goro ne. Daga Kano da Katsina suka bi hanyar Gwanja har Salaga a arewacin Ghana, kuma kowa ya san ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwar nan ba, har da bayi. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, fatake suka bazu, namu suka ƙare a Kumasi. Wasu sun taho da matan da aka kamo daga ƙasar Gurunsi a zamanin hare-haren Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa. Kakar mahaifina tana cikinsu. Ya ce tsagar kumatunta ba irin ta kowa ba ce a gidan, kuma in tana daka takan yi waƙa da yaren da babu mai ji. Har ta rasu ba wanda ya tambaye ta sunan ƙauyensu.

Shi ya sa da 'yata ta karanta The Hundred Wells of Salaga, littafin Ayesha Harruna Attah na 2018, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, mu masu saye ne ko waɗanda aka saya?" Na ce duka biyu. Makarantarsu ta kai su Elmina, inda ake tara bayi a bakin teku a da, ta ga baƙi daga Amurka suna kuka a kurkukun bayi, ta gane jininta ya ratsa ta can ma. Wannan bai hana ta gaishe ni da Hausa kullum safiya ba.

Abin da ke min ciwo shi ne, a 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta kori danginmu da sunan baƙi, ku kuma in mun zo sai ku ce Hausarmu ta karye, mun auri Asantawa mun narke. Surukata Ba'asantiya ce, ita ke kai jikokina makarantar allo.

Ai ku ma kun karanta Shaihu Umar a makaranta, kuma an sayar da mutane a kasuwar Kurmi. A gidanku, Malam, wa ya taɓa bin asalin ƙwarƙwarar kakansa?